Adakar Baffa

'Ya'yana, akwai wata koriyar adaka ta ƙarfe da ta shekara fiye da ashirin a ɗakin shirgin gidanmu. Ta Baffana ce, ƙanen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ma'aikacin reluwe ne, rayuwarsa duk tsakanin Kano da Ikko ya yi ta, kuma duk ƙarshen wata in an biya albashi sai ya shigo gida da faifai ɗaya ko biyu a hammata. Da ya rasu aka raba abin da ake gani dukiya ce, adakar kuwa aka tura ta ƙarƙashin rufin kwano, aka ɗora mata tsofaffin tabarmi da buhunan da ba kowa ke nema ba. Ranar da za a gyara ɗakin aka buɗe ta a gabana. Gara ta cinye kwalayen har sun zama ƙasa. Fayafayan da ke sama sun lanƙwashe kamar ganyen da rana ta dafa, na ƙasa kuma sun manne da juna saboda nauyi da zafi. Kafin in gama jimami yaran gida sun ɗebi wasu sun fita da su, suna wurgawa sama suna kallon yadda suke shawagi. Ɗan gwangwan da aka kira ya ɗaga adakar ya ji nauyinta, ya zazzage abin da ke ciki a bakin juji, ya biya kuɗin ƙarfe ya tafi.

Goma sha ɗaya na iya tsamowa masu rai. Su ne dalilin wannan rubutu, don na san a gidajenku da yawa akwai irin wannan adaka, kuma ku ne za ku buɗe ta wata rana.

Ku fara da sanin abin da kuka riƙe. Kakanninmu da suka ga wannan baƙin abu mai faɗi da zagayayyun layuka sun ga ya yi kama da faifan da mata ke saƙawa su rufe ƙwarya, sai suka ba shi sunan, har yau kuma sunan bai mutu ba, tunda kuna cewa faifan bidiyo alhali babu abin da ke juyawa a wayarku. Layin nan da ke zagaye tsaga ce guda ɗaya tak, ta faro daga baki ta ƙare kusa da tsakiya. A jikin bangonta aka sassaƙa sautin, allura na bi tana karkarwa, karkarwar nan ce ake ƙara wa ƙarfi ta zama murya. Don haka duk abin da ya taɓa tsagar ya taɓa muryar, kuma ba ta gyaruwa.

Iri uku za ku fi tararwa. Akwai mai nauyi, mai saurin fashewa kamar tangaran, wanda ke juyi 78 a minti. Shi ne na garmaho mai hannun wani, an yi shi da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da maƙwabtanta, kuma gefe ɗaya ba ya wuce minti uku da 'yan kai. Akwai babba marar nauyi, na roba, mai juyi 33, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar kamar minti ashirin a kowane gefe. Sai ƙaraminsu mai juyi 45 da RCA ya kawo a 1949, yawanci waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kada ku kuskura ku ɗora na roba a kan tsohon garmaho. Allurar ƙarfensa da nauyin kansa za su nome tsagar a juyi ɗaya.

Muryar Bahaushe ta daɗe da hawa faifai. Tun wajajen 1927 zuwa 1929 kamfanin Zonophone ya naɗi waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya aiko da su nan a sayar. A Sudan, Aisha al-Falatiya, wadda asalinta Bahaushiya ce, ta je Alƙahira an naɗe ta a faifai, aka riƙa sauraronta a wuraren shan gahawa. Daga baya Decca da EMI da Philips suka kafu a Najeriya, aka samu na gida irin su Tabansi, har makaɗanmu kamar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suka shiga faifai. Sai kaset ya zo a ƙarshen shekarun 1970, mai araha, mai shiga aljihu, wanda kowa ke iya kwafa a shagon bakin kasuwa. Cikin shekara goma faifai ya zama shirgi, manyan kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka kama gabansu.

Abin da bai zo a lissafin kowa ba shi ne dawowarsa. A 2022 an sayar da sababbin fayafayai kusan miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karon farko ke nan da faifai ya wuce CD tun 1987. Tun kafin haka ma masu tara tsofaffi sun juyo da hankalinsu gare mu. Faifan Nigeria 70 da kamfanin Strut ya harhaɗa a 2001 ya buɗe kunnen Turawa da yawa. Miles Cleret na Soundway ya yi ta yawo a Gana da Najeriya, Samy Ben Redjeb na Analog Africa ya bi sawun makaɗan Kwatano, wani Bajamushe Frank Gossner kuma ya zauna a Konakiri shekaru yana zagaya ƙasashen yankin yana saye. Sun shiga ɗakunan shirgi irin namu, sun kwashi abin da muka ɗauka shara ne. Ba na zaginsu, don da yawan abin da suka ɗauka da yanzu gara ta gama da shi. Amma ina jin zafin cewa mafi yawan waɗanda suka sayar musu ba su san me suke sayarwa ba. Kaza ce ta kwana a kan dami.

To, me ke sa faifai tsada? A nan nake so ku nutsu, don a nan matasa ke ruɗewa. Tsufa kaɗai ba ya sa shi. Kusan kowace adaka a ƙasar nan za ka samu Jim Reeves a ciki, da Boney M, da ABBA, domin iyayenmu sun so su ƙwarai. An buga su miliyoyi a ƙasashe barkatai, suna nan jibge a shagunan Turai ana neman mai ɗauka da kuɗin shayi. In ka ga irinsu, ka saurara ka ji daɗi, kada ka ɗora musu buri. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci ya haɗu da masu nema. William Onyeabor na Inugu ya buga fayafayansa da kansa a kamfaninsa na Wilfilms tsakanin 1977 da 1985, bai kai su ko'ina sosai ba, daga baya ya bar waƙa. Da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya tattara waƙoƙinsa ya sake fitarwa a 2013, duniya ta san shi, bugunsa na asali ya koma ana ciniki da ɗaruruwan daloli. Wani lokaci kuma tarihin kwafin ne ke magana. Faifan Beatles da ake kira White Album an yi masa lamba ɗaya bayan ɗaya a kwali. Mai lamba ta farko, wanda ya kasance a hannun makaɗin gangarsu Ringo Starr, an yi gwanjonsa a Disamba 2015 a kan dala 790,000. Waƙoƙin da ke ciki su ne dai a sauran miliyoyin kwafin. Lambar da hannun da ya riƙe shi aka saya.

Irin wannan labari shi ke hana yaro barci, shi ya sa na kawo shi don in ja muku kunne. Cikin faifai dubu da wuya ka samu goma da za su yi kuɗin kirki, kuma cikin goman nan rabi sun lalace. Na ga saurayin da ya ci bashi ya bi ƙauyuka yana sayen duk baƙin abu mai zagaye, ya tara ɗaki guda, ƙarshe ko kuɗin motarsa bai fita ba. Wanda ya shiga harkar nan don kwaɗayi kawai, ba ya sauraro, ba ya karatu, wahala zai sha. Masu cin riba a ciki mutane ne da suka shekara suna jin kiɗa har kunnensu ya san bambancin bugun Legas da na Landan.

Sai lafiyar faifan, wadda ita ce rabin ciniki ko fiye. Masu saye suna da matakai da suka yarda da su a duniya, tun daga wanda bai taɓa hawa na'ura ba, zuwa wanda ya kusa da sabo, zuwa mai ɗan amfani, har zuwa wanda ya sha jiki. A bisa al'adarsu, saukowa mataki ɗaya daga kusa-da-sabo na iya zabge rabin kuɗin, mataki na gaba ya sake zabge rabin abin da ya rage. Ga yadda ake dubawa. Ka wanke hannu, ka zaro shi daga kwali ka tallafe shi da tafin hannu a baki da yatsa a takardar tsakiya, kada yatsunka su sauka kan tsaga. Ka fita inda haske yake, ka karkata shi a hankali. Lafiyayye yana ƙyalli kamar gashin da aka shafa wa mai. Wanda allura ta cinye kuwa za ka ga tsagarsa ta yi fari-fari, ta dushe. In ka ga karce, ka shafa bayan farce a kai a hankali: wanda farce bai ji ba sau da yawa allura ma ba za ta ji ba, wanda ya tare farce kuwa zai riƙa ƙwas-ƙwas a kowane zagaye, ko ya sa allura tsalle. Sannan ka ɗaga shi daidai ido ka duba ko ya lanƙwashe. Kwalin ma kada ka raina shi. Zanen da Lemi Ghariokwu ya yi wa fayafayan Fela, alal misali, wani ɓangare ne na abin da ake saye, kuma faifai tsirara ba kwali ya yi asarar kaso mai yawa na kuɗinsa.

Akwai wani ɗan fili sumul tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. Ku kai shi haske, za ku ga lambobi da haruffa ƙanana an karce su da hannu ko an buga da hatimi. Wannan ita ce shaidar haihuwar faifan. Da ita ake gane bugun farko da na baya, da masana'antar da ta buga, kuma bugun farko shi masu tarawa suka fi nema. Ku da kuke da waya a hannu kun fi mu sa'a. Akwai shafin Discogs, wanda aka kafa a 2000, inda aka jera miliyoyin fayafayai da lambobinsu. Ku sa lambar da ke kwali da ta wannan fili, ku nemo ainihin irin naku. Amma ku kula: kuɗin da mai kaya ya yanka daban, kuɗin da aka taɓa saye daban. Kowa na iya cewa akuyarsa ta miliyan ce. Tarihin cinikin da aka riga aka yi shi za ku duba, ku kuma tuna na wanda ya sayar ɗin wataƙila ya fi naku lafiya nesa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. In kun bincika za ku tarar fayafayan makaɗan Hausa galibi ba su kai na Afrobeat da na kiɗan rawa na kudu kuɗi ba. Dalili a fili yake: masu saye a Turai da Amurka da Japan suna neman abin da za su sa a gidan rawa, ba sa jin Hausa, kuma daɗin Shata ko Ɗanƙwairo a cikin magana yake, a cikin habaici da kirari da yadda 'yan amshi ke karɓa. Wanda bai ji harshen ba kalangu kawai yake ji. Sai yaro ya duba ya ga ba kuɗi, ya watsar. Wannan shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Faifan Beatles in naka ya fashe akwai miliyoyi. Faifan wani mai kukuma ko mai garaya da aka buga 'yan ɗaruruwa a shekarun 1960, wanda kamfanin ya rufe, ainihin tef ɗin da aka naɗa ya ɓace ko ya ruɓe, mai yiwuwa na adakarku shi ne ya rage a duniya. Waƙoƙinmu da yawa ma ba su taɓa hawa faifai ba, saboda makaɗin da ke iya kwana yana waƙa ɗaya ba ya shiga minti uku. A tef ɗin gidajen rediyo suka zauna, irin Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, tef kuwa ya fi faifai saurin mutuwa. Don haka ɗan abin da ya samu hawa faifai amana ne. A cikinsa akwai Hausar da ba a yi yanzu, da sunayen sarakuna da attajirai da garuruwa, da yadda ake kiɗa kafin fiyano ya shigo ya rufe komai. Wani Ba'amurke, David Ames, ya zo ƙasar Zazzau a shekarun 1960 ya naɗi kaɗe-kaɗenmu, aka buga su a Jamus, yau suna ajiye lafiya a ɗakunan karatun jami'o'in waje. Namu na gida da muka saya da kuɗinmu su ne ke ƙarewa a juji.

In irin wannan ya faɗo hannunku, kafin maganar sayarwa ta taso ku ɗauki hoton kwali gaba da baya da takardar tsakiya, ku nemi mai na'ura mai kyau a juye sautin a kwamfuta, ku ba 'yan'uwa kwafi. Ku tuntuɓi malaman Hausa a jami'ar da ke kusa da ku, ko wuraren adana tarihi irin Arewa House a Kaduna, ku gaya musu abin da kuke da shi. In iyalan makaɗin suna nan, ku neme su. Sau da yawa jikoki ba su taɓa jin muryar kakansu ba.

Kuma ku tuna adakar mamaci gado ce. Ko da kowa ya raina ta, ba ta wanda ya fara buɗewa ba ce. In ka gano akwai abu mai kuɗi a ciki, ka tara magada ka faɗa musu gaskiya, a yanke shawara tare, kada ka sulale da shi ka ce ai shara ce. Haka in kai ne mai saye, ka je gidan tsohuwa ka ga abin da ka san darajarsa ita ba ta sani ba, ka ji tsoron Allah ka ba ta abin da zuciyarka za ta natsu da shi. In kai ne mai sayarwa, ka bayyana aibin kayanka, ka ce ga karce a waƙa ta biyu, ga inda yake tsalle. Addininmu ya hana ɓoye aibi a ciniki, kasuwar nan kuma ƙarama ce, masu saye sun san juna, wanda ya yi algus sau ɗaya sunansa ya ɓaci.

Akwai hanyar da ta fi sayar da kwafi ɗaya ga mutum ɗaya ya kulle a kabad. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa a 1978, aka yi 'yan kaset kaɗan, aka manta. Shekaru fiye da talatin bayan haka Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kwafi ɗaya, ya nemo mai kiɗan yana raye, suka fitar da shi a faifai a 2013, har Mamman Sani ya je Turai ya yi wasa. Kwafi ɗaya da wani ya ƙi yarwa shi ya jawo wannan duka. Ina fatan in ga yaranmu sun yi irin wannan aiki da kansu, da izinin masu waƙa ko magadansu, da rubutaccen sharaɗi, da bayanin waƙoƙin cikin Hausa mai kyau.

Ajiya ba ta da wuya, sai dai ƙasarmu ba ta yi wa faifai sauƙi. Zafin bazara a ƙarƙashin kwano, ko cikin mota a rana, yana lanƙwasa shi cikin sa'o'i. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, a ɗaki mafi sanyi, sama da ƙasa saboda gara da danshin damina. Ƙurar hunturu in ta shiga tsaga, allura na niƙa ta kamar yashi, don haka kowanne ya zauna cikin rigarsa ta takarda, a cikin kwalinsa. Wanki da tataccen ruwa ne da ɗigon sabulun ruwa, da ƙyalle mai laushi, ana bin tsaga a zagaye, ba a jiƙa takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. Ban da fetur, ban da kananzir. Na garmaho kuwa ko sifirit kada ya taɓa shi, narkar da shi yake yi.

Cikin goma sha ɗayan nan da na tsira da su akwai ƙarami mai juyi 45, na wani mai garaya. A takardar tsakiya Baffa ya rubuta sunansa da biro, da ajami, kamar yadda yake yi wa duk kayansa don masu aro. Wani dillali da ya gani ya ce rubutun ya rage masa kuɗi, kuma gaskiya ya faɗa, haka dokar kasuwarsu take. Bara na samu aron na'ura na kai gidan matar Baffa, wadda yanzu ba ta fita ko ƙofar ɗaki. Na miƙa mata faifan ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallon rubutun, ta shafa shi da babban yatsa. Da na ɗora allura aka ji ƙarar nan ta farko kamar ana soya gyaɗa, sannan garaya ta shigo. Ta ce da wannan ya dawo daga Ikko shekarar da aka haifi 'yarsu ta fari, ran nan har maƙwabta suka shigo tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Ta kira sunayen waɗanda suka zauna ɗaya bayan ɗaya, duk sun rasu.

Da waƙar ta ƙare allura na ta zagaye a filin nan sumul, ta ce, “Ɗana, akwai wata a bayan, juya mana.”